Stratux, ɗan akwatin da ke nuna maka jirgin da ke kusa: a saya ko a bari?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙannenmu masu shirin tafiya koyon tuƙin jirgi, wasu Zariya wasu Ilori wasu kuma waje, sun dame ni da tambaya kan wanga ɗan akwati da ake kira Stratux, wai Yaya a saya ko asarar kuɗi ne. To ga amsa tun kafin in cika ku da surutu, in Amurka za ka to saya kawai kada ka tsaya dogon shawara, in kuma nan gida za ka yi karatunka to ko rabin aikinsa ba za ka mora ba, akwai abin da ya kamata kuɗinka su fara zuwa kafin shi. Kuma ko ina kake, akwatin ga jirgin da ya bayyana kansa kaɗai yake nuna maka, wanda bai bayyana kansa ba sai idonka.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka kowane filin jirgi akwai hasumiya da wani zaune can sama da rediyo yana cewa wane ka sauka wane ka dakata, tunda abin da muka saba gani kenan a filin Sir Ahmadu Bello na Ambursa, inda aka fara jigilar alhazan ƙasar ga na aikin hajjin 2024. To ba haka duniya take ba. A Amurka filayen da kowa ke iya sauka sun kai wajen 5,000 amma masu hasumiya 500 ne da 'yan kai, sauran duk matuƙa ne ke shirya kansu da kansu. Akwai tsari dai ba wai hauka ake ba, ana zagaya titin saukar ne a siffar kusurwa huɗu, ƙafa 1,000 sama da ƙasa, juyi ta hagu in dai ba a rubuta akasin haka ba, kuma kowa na faɗin inda yake a tasha guda ta rediyo da filin ke amfani da ita, irin su 122.8, ni ne wane ina gefen kaza zan juyo zan sauka titi kaza. Ranar Asabar da hantsi in gari ya yi garau sai ka ga ɗalibai biyar shida na zagaye suna taɓa ƙasa suna sake tashi, ga mai jirgin kansa ya taso daga wani gari yana sauri, ga helikwafta a gefe, ga masu diro da lema. Awa mahaɗar Jega ranar kasuwa ba ɗan sanda ba yalo fiba, kowa na kallon idon kowa, sai dai a sama ba birki balle a faka gefe. Abin da zai ƙara ba ka mamaki, a yawancin waɗanga filaye doka ma ba ta tilasta a ce jirgi na da rediyo ba.

Za ka ce to ai ido na nan mi za a yi da na'ura. Wallahi ido na yaudara a sama fiye da yadda kake zato. Hukumar jiragen Amurka FAA ta ƙiyasta cewa daga lokacin da ka hango abu, ka gane jirgi ne, ka gane kanka ya nufo, ka yanke shawara, ka murɗa, jirgin naka ya amsa, daƙiƙa 12.5 ake buƙata. Yi lissafi da kanka, jirage biyu kowanne na gudun kilomita 200 a awa suna fuskantar juna, cikin waɗanga daƙiƙu sun cinye kusan kilomita ɗaya da rabi, kuma a wanga nisa ƙaramin jirgi ɗigo ne kawai a gilashi. Mafi muni, jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashinka, yana nan wuri guda cak sai dai girma yake a hankali sannan lokaci guda ya cika maka taga, shi kuwa ido abin da ke motsi ya fi kamawa. Sannan ga ƙirar jiragen, Cessna 172 fiffikensa sama yake ba ka ganin abin da ke bisa kanka, Piper Cherokee nasa ƙasa yake ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinka, to in mai fiffike ƙasa ya biyo ta sama yana saukowa, mai fiffike sama na ƙarƙashinsa, dukkansu sun nufi titi guda, ba wanda ke ganin wani har abin ya faru. Shi ya sa yawancin irin wanga karo da rana tsaka yake faruwa, gari garau, kusa da fili, ba cikin hadari ko dare ba yadda mutane ke tsammani.

To shi Stratux mene ne. Ba kamfani ke da shi ba, manhaja ce ta kyauta da wani bawan Allah ya fara a 2015 mutane suka ci gaba da gyara ta, kayan kuma kai ke haɗawa ko ka sayi haɗaɗɗe. Cikin akwatin akwai 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi, da ƙananan rediyo biyu masu kama da filash da ake soka mata, ɗaya na sauraren 1090 MHz ɗaya 978 MHz kowanne da eriyarsa, sai GPS, sai 'yar fanka, sai memori da aka zuba manhajar. Aikinsa saurare kawai. Jiragen da ke da na'urar ADS-B suna ta watsa bayanin kansu, lambata kaza, ina wuri kaza, tsayina kaza, gudu kaza, shi kuma akwatin ya kama ya tura wa wayarka ko tabulet ta waifai nasa na kansa, ba ruwansa da data ko layin waya. Sai ka ga jiragen bisa taswira kowanne da 'yar kibiya da lamba, +05 na nufin yana sama da kai da ƙafa 500, -02 yana ƙasa da kai da ƙafa 200. Ni haɗaɗɗe na saya dala 200 da wani abu, kuma saita shi bai ɗauke ni lokacin shan shayi ba, kunna, shiga waifai ɗinsa, buɗe manhajar taswira shikenan.

Abin da na fi yaba masa shi ne ba ya zaɓen waya. Akwai wanda ake kira Sentry, ya fi shi kyan gani da tsafta, batirinsa na ciki, har yana da abin gano iskar nan mai guba da ke iya shigowa daga salansa, amma manhajar taswirar ForeFlight kaɗai yake yi wa aiki ita kuma ForeFlight sai iPad ko iPhone kuma kuɗin shekara ake biya, ga shi kuɗinsa sun ninka na Stratux. Ɗalibin da iyaye suka sayar da shanu ko shinkafar rani suka tura, ka san ba kowace dala ce zai jefar ba. Stratux da tsohuwar Android da manhajar kyauta irin Avare ma yana tafiya. Kuma in wani abu ya lalace a ciki shi kaɗai za ka canza, duk yaron da ya iya buɗe waya a kasuwa zai iya buɗe shi, sukurori ne 'yan kaɗan.

A Amurka kuma akwai garaɓasa, tashoshin ƙasa na watsa bayanin yanayi kyauta ta 978 ɗin nan, ka ga inda hadari ya haɗu da iskar filin da za ka sauka duk a allo. Sai dai hoton hadarin yana makara da mintuna, ba a amfani da shi a ce za a kutsa tsakanin hadari biyu.

Ya taɓa yi mini rana kam, ba zan ɓoye ba. Wani ƙaramin fili ne a Fulorida mara hasumiya, ni da malamina cikin Cessna mun juyo mun daidaita da titi muna saukowa, mun faɗi matsayinmu a rediyo yadda ake yi, sai manhajar ta yi magana a hedifon cewa ga jirgi bayanmu kusa. Malam ya dubi allo, +02 kuma kibiyar na nuna ƙasa, wato yana bisa kanmu da ƙafa 200 yana saukowa kanmu. Ya ce sakar mini, ya karkata mu dama ya danna wuta, sai ga cikin wani farin jirgi mai fiffike ƙasa ya wuce ta hagunmu har ina ganin baƙin mai a cikinsa. Ashe mutumin tashar wani fili daban ya bari a rediyonsa, yana ta magana ba mai jinsa shi ma ba ya jin kowa. Ta taga kam ba yadda za a yi mu gan shi, fiffikenmu ya rufe shi nasa ya rufe mu. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Amma a wanga fili dai, wata safiya allo fes ba kowa, rediyo shiru, sai ga wani tsohon jirgi ruwan ɗorawa ya ɓullo gabanmu a zagaye yana tafiyarsa hankali kwance. Irin tsofaffin Piper Cub ɗin nan ne da aka ƙera ba lantarki a jikinsu, ba ADS-B ba transifonda, wato na'urar da ke amsa wa rada, wani ma ba rediyo, kuma bai karya doka ba ko kaɗan. Malam ne ya fara hango shi don shi kansa ba ya zama wuri guda, kullum yana waige-waige. Nan ne matsalar akwatin take kuma masu tallarsa ba su cika faɗi ba. Dokar Amurka da ta fara aiki 1 ga Janairun 2020 ta wajabta ADS-B ne a sararin manyan filaye da kewayensu da kuma sama da ƙafa 10,000, ƙananan filayen ƙauye da yawa ba su ciki, to inda ka fi buƙatar ganin kowa nan ne aka fi samun wanda ba ya bayyana. Akwai dabarar da rada ta ƙasa ke kama masu tsohuwar transifonda ta turo maka su, amma sai jirginka na watsa ADS-B ake yi maka wagga hidima, iyakarta mil 15 kewaye da kai da ƙafa 3,500 sama da ƙasa, kuma rada ba ta cika gani ƙasa-ƙasa kusa da ƙaramin fili ba. Sannan shi Stratux ba ya watsa komai fa, kai kana ganin wasu, amma ɗaukarsa ba ya sa kowa ya gan ka. Na ga ɗalibai da suka saya suna zaton yanzu sun bayyana a allon kowa, a'a.

Wanda ke ganin na cika tsoro ya je ya karanta abin da ya faru a Ketchikan ta jihar Alaska ranar 13 ga Mayun 2019. Jirage biyu masu sauka kan ruwa ɗauke da 'yan yawon buɗe ido suka yi karo mutum 6 suka mutu, kuma dukkansu biyun suna da ADS-B da allon nuna jirage. Binciken hukumar bin diddigin haɗurra ta Amurka NTSB ya gano wata 'yar na'ura a ɗaya jirgin a kashe take, don haka bai watsa tsayinsa ba, manhajar ɗaya jirgin kuma ba ta yin gargaɗi kan jirgin da ba ta san tsayinsa ba, shi kuma na farkon allonsa ba mai yin ƙara ba ne. Kaya na nan an kashe kuɗi, amma ba abin da ya yi ƙara a kunnen kowa. Tun da na karanta wanga rahoto abu na farko da nake dubawa shi ne sautin manhaja na shiga hedifon ko ba ya shiga, don gargaɗin da sai ka sunkuya ka kalli cinyarka za ka gan shi, a lokacin sauka cutarwa ce ba taimako ba.

Rediyon ma ba ita kaɗai ke ceto ba. Watsonville ta Kalifoniya, 18 ga Agustan 2022, fili ne mara hasumiya, wani matashi cikin Cessna 152 yana zagaye yana gwajin sauka, ga Cessna 340 mai inji biyu ya miƙo kai tsaye daga nesa bai shiga zagaye ba. Dukkansu suna magana a rediyo, kowa ya ji kowa, har na ƙaramin ya ce ya gan shi bayansa zai fasa sauka don ya taho da gudu. Babban yana gudun kusan kilomita 330 a awa dab da titi, ƙafafunsa ma bai sauke ba, ƙaramin kuwa ko rabin haka ba ya yi. Mutum 3 suka mutu. A ganina wanga ba matsalar na'ura ba ce, hali ne, mutum ya ga jirginsa ya fi girma ya fi gudu sai ya ɗauka kowa zai kauce masa, kuma irin halin nan mun san shi sarai bisa titin Kalgo. Ko bayan nan ba a daina ba, 19 ga Fabrairun 2025 a Marana ta Arizona Cessna 172 da wani Lancair suka gogi juna saman titin fili, Cessna ya sauka lafiya mutum 2 na cikin Lancair suka mutu. Kada kuma wani ya ce hasumiya ce maganin komai, a North Las Vegas Yulin 2022 akwai hasumiya tana aiki, jirage biyu suka haɗu wajen sauka mutum 4 suka tafi.

Yanzu mu dawo gida, tunda nan ne tambayar ta fi yawa. Na hau da shi saman bene nan Birnin Kebbi na ɗaga eriya, yana kama jirage tabbas amma manyan nan ne masu ratsawa can ƙafa dubu talatin da wani abu, sai jefi-jefi wanda ke sauka Ambursa, lokacin aikin hajji kam ka sha kallo yaran gida har rububin tabulet suke. Ɓangaren 978 kuwa shiru kake ji, don kusan Amurka kaɗai ke amfani da shi, ba bayanin yanayi ba turo jiragen rada, wato rediyo ɗaya da eriya ɗaya zaman banza suke suna shan batir. In nan za ka yi amfani da shi shiga saitinsa ka kashe 978 ɗin, cajin zai ƙara daɗewa zafi ya ragu. Jiragen da ni nake so in gani, irin ƙananan nan masu feshin tsuntsayen jan baki da ke bin fadamun shinkafa wajen Argungu da Suru ƙasa-ƙasa, da helikwaftoci, su ne ba ka da tabbas a kansu, wani ya fito wani bai fito ba, na sojoji kuwa kada ma ka sa rai. 'Yan uwanmu na Zamfara ku kuma kun san a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana hana shawagin jirage a jihar saboda tsaro, to a irin wanga yanayi ba na ba kowa shawara ya hau rufi da akwati mai eriya biyu yana lalube, za ka sha tambayoyin da ba ka shirya musu ba.

Gaskiya cunkoson ƙananan jirage irin na can ba mu da shi tukuna, inda za ka ga ɗalibai da yawa a sama lokaci guda shi ne Zariya, kwalejin koyon tuƙin jirgi ta NCAT da aka kafa tun 1964, kuma can akwai hasumiya. Abin da muke da shi da su ba su da shi shi ne hazo. Watan Disamba da Janairu in buji ya sauko rana ta koma fari, jirgin da za ka hango daga nesa sai ya zo dab, a nan kam ko jirgi ɗaya akwatin ya nuna maka ya biya kuɗinsa. Shi ya sa ban ce banza ne a gida ba, na ce dai ba shi ne farko ba.

Abubuwan da ke ba ni haushi da shi kuwa, na ɗaya tarkace. Ba shi da batir, sai ka haɗa da fawa bank mai ba da amfiya 2 ko fi, da wayar caji gajera mai kauri, in ka sa irin siririyar nan ta ɗari biyar zai dinga mutuwa yana tashi kai kana zaton ya lalace. Akwati, fawa bank, waya, robar manna shi a gilashi, eriya biyu tsaye, cikin jirgin da kafaɗarka na gugar ta malaminka. Na biyu zafi, rediyoyin nan biyu na ɗaukar zafi sosai ko a ɗaki, balle zafinmu na Afrilu cikin jirgin da ba AC, kada ka aza shi gaban gilashi inda rana ke duka, manna shi tagar baya inda eriya ke ganin sama. Tabulet ɗin ma haka, in rana ta dake ta sai ta kashe kanta ta ce sai ta huce, kuma ba ta tashi yin haka sai kana dab da fili. Na uku ba wanda za ka kira ka yi wa ƙorafi, kayan sa kai ne, kuma ba na'urar da hukuma ta tantance ba ce, don haka ba a dogara da shi a hukumance, taimako ne kawai. Wanda na saya wurinsa ma memori mai arha ya sa mini, bai jima ba ya ƙi tashi sai da na sayi wani na sake zuba manhajar, don haka ka riƙe memori na biyu a aljihun jaka.

In maki ne zan ba shi huɗu cikin biyar ga mai karatu a Amurka, biyu da rabi ga na gida. Ƙanena in kuɗinka na abu ɗaya ne, fara da hedifon mai kyau wanda za ka ji magana tas, sannan 'yar rediyon hannu ta jirage irin na Icom ko Yaesu ko da ta jirgi za ta mutu, akwatin ya zo na uku. Rediyon kuma saurare za ka yi da ita a ƙasa kana koyon yadda ake magana, kada ka kuskura ka danna ka yi magana a tashar jirage ba ka da lasisi, balle 121.5 ta neman agaji, ba wasan yara ba ne. Kuma ka tambayi makarantarku kafin ka shiga da shi jirgi, wasu malamai ba sa barin sabon ɗalibi ya ɗora tabulet a cinya sai ya iya waige tukuna, ni kuma ina bayansu ɗari bisa ɗari.

Mai sayowa daga waje, fawa bank a jakar hannu ake sa shi ba a cikin babban akwati ba, kuma kada ya wuce 100Wh. Ka kwance eriyoyin ka naɗe su daban, ka ajiye rasit da katin makaranta kusa, don masu duba kaya a Legas ko Abuja in suka ga ƙaramin akwati da wayoyi a na'urarsu sai sun sa ka buɗe ka yi bayani.